Kiɗan Bature Tsakanin La'asar da Magariba

A Madina na yi aikin dako da dabbab, 'yar ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Na ɗauki siminti, na ɗauki raguna, na ɗauki katifun otal da alhazai suka gama da su. Daga Abeshe ta ƙasar Chadi na taso, na bi ta Sudan, na haye teku cikin jirgin awaki. An kama ni an mayar, na dawo. An sake mayarwa, na sake dawowa. Ko su suka gaji ko ni na iya, ban sani ba. Na dai samu takarda, na samu ɗaki a unguwar Aziziya.

A layinmu akwai wani Bature. Tsoho ne dogo, gemu fari, gashin kansa ya gudu daga gaba ya taru a ƙeya. Ya musulunta tun kafin in san shi, ya zo Madina ziyara, ya ƙi tafiya. Turanci yake koyarwa a wani wuri cikin gari. Ya auri wata Hajiya, Bahaushiya 'yar ƙasa, wadda kakanninta suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Mijinta na fari ya rasu. Danginta sun cika unguwa uku, kuma kowa a cikinsu yana kiran Baturen surukinsa, har waɗanda Hajiyar kanta ba ta san ta inda suka haɗu ba.

Ta koya masa Hausa, amma gaisuwa kawai. Bai iya cewa a ba shi ruwa ba. Amma ka ce masa ina gajiya, ya ce ba gajiya. Ina gida, lafiya lau. Ina sanyi, lokacinsa ne. Ya riƙe abin da ƙarfi, irin riƙon wanda ya shigo addini da girmansa. Sallama ba ta wuce shi bai amsa ba. In ka miƙa masa hannu, da hannu biyu yake karɓa, ya kai ƙirji, ya tsaya sai ka gama. Na taɓa ganin ya bar shayi ya zube a murhu yana amsa wa mai gyaran famfo lafiyar iyali.

Ni da shi Larabci muke yi. Nasa karyayye ne, nawa ma karyayye ne, amma ba wuri ɗaya suka karye ba, don haka muna fahimtar juna.

Wani lokacin sanyi, wajen ƙarshen shekarun casa'in, Hajiya ta aiko in zo da mota. Na je. Ta ce, "Direba, shiga, Alhaji yana ɗakin baya, kaya ne." Na shiga na tarar da shi tsaye cikin akwatuna. Ya buɗe ɗaya. Piyano ne mai aiki da lantarki. Ya buɗe na biyu, piyano. Na uku ma piyano. Na tambaya ko sayarwa yake yi.

Ya ce a'a. Ya ce shi a da makaɗi ne. Su huɗu ne, gashi har kafaɗa, suna yawo ƙasa ƙasa, mutane suna cika ɗaki wanda ya fi filin ajiye motocin filin jirgi. Ya ce kiɗansu ba na rawa ba ne. Labari ne guda ɗaya, dogo, ya cika faifai gaba da baya, kuma ba a shigarsa ta tsakiya. Na ce labarin me. Ya ce na wani mutum da kamfani ya tura duniyar wata gadin rijiya. Rijiyar ba ruwa. Kamfanin ya manta da shi. Ya zauna yana jira har ya fara hira da guga.

Na ce, "Sun ba shi takardar zama?"

Ya ce labarin bai faɗa ba.

Na ce na san irin kamfanin.

Sai ya miƙo hannayensa ya ce in duba. Gaɓoɓin sun kumbura, ƙaramin yatsa na dama ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Ya ce da safe maɓallin riga gagararsa yake yi, sai Hajiya ta ɓalle masa. Likita ya gaya masa abin gaba yake yi, ba ya komawa baya.

"Kafin su rufe," in ji shi, "ina so in buga shi sau ɗaya. Daga farko har ƙarshe, ba tsayawa, a gaban mutane."

Na ce ga ɗaki, ga Hajiya, ya buga mana.

Ya ce a ɗaki gwaji ne, ba kiɗa ba.

Daga tsakar gida Hajiya ta ɗago murya ta ce ita ta gaji da gwaji, shekara da shekaru tana jin mutumin nan yana hira da guga ta jikin bango.

A Madina a lokacin ba a kiɗa a fili. Wani ɗan'uwan Hajiya yana da gonar dabino bayan filin jirgi, da katanga da ƙofar ƙarfe, ya ce a yi can. Baturen ya zaɓi tsakanin la'asar da magariba. Ba zai yi kiɗa ana kiran salla ba, kuma in rana ta faɗi sanyi kama masa yatsu yake yi. Kiɗan yana cin kusan rabin wannan tsakanin. Da saura, in komai ya tafi daidai.

Ya ce wa Hajiya ta gayyaci mutane kaɗan, masu iya zama shiru. Ta ce to. Ta sayi raguna biyu. Ta ce ba za a ce mijinta ya tara jama'a ya sallame su da ƙara a kunne ba. Kuma da yake ba ta iya buɗe baki ta ce wa dangi kiɗa za a yi, sai ta ce walima. Aka ce walimar me? Ta ce ku dai ku zo. Walima kuwa kowa ya san yadda take. Kana zuwa lokacin da ka samu zuwa, kuma kafin ka nemi wurin zama sai ka gaida maigida.

Ranar, tun azahar nake jigila. Piyano uku ya jera a kan ƙarafa, ɗaya bisa ɗaya, kamar kanta. Ga lasifika biyu manya, ga abin magana na rera waƙa, ga wayoyi, ga wani abin takawa a ƙasa na ƙara murya da ragewa. Muka ja wuta daga ɗakin injin ban ruwa. Aka shimfiɗa dardumomi tsakanin itatuwa, aka ɗaura tamfol gefe guda, mata suna baya.

Sai ya ciro kaset daga aljihun ƙirji. Ya ce sauran ukun suna ciki, mai ganga da masu jita biyu. Mai gangar ya mutu, ɗaya mai jitar ya mutu, ɗayan yana raye amma ba sa magana. Aikina in danna rakoda in ya ɗaga kai. A tsakiya kuma, in na ji ƙara kamar guga ya faɗa busasshiyar rijiya, in juya kaset ɗin da sauri in sake dannawa.

Na ce in an samu tsaiko fa, in tsayar mu ci gaba daga nan?

Ya ce a'a. Sai a koma farko. "Kamar alwala ce," in ji shi. "In ta karye ba ka ɗorawa daga gwiwar hannu."

Na ce to.

Bayan la'asar ya fito daga ɗakin injin sanye da wata alkyabba mai ƙyalli a kan farar rigarsa. Gefen hagu ya fi na dama gajarta, don Hajiya ta taɓa yankar wani yanki ta yi rigar filo. Ya ce da can hayaƙi ake saki a ƙasa in zai fara. Hajiya ta aiko da kasko biyu na turaren wuta. Ya yi tari, ya yi bisimilla, ya ɗaga kai. Na danna.

Farkon abin iska ce. Fuuu kawai, tana zuwa tana komawa. Sai wani ɗis, ɗis, kamar famfo mai yoyo. Mutanen da suka zo da wuri, ba su da yawa, suka dubi juna. Wani mutumin Sudan mai gyaran lantarki ya miƙe ya ce lasifikar ta lalace, a ba shi sukundireba. Na ce ya zauna, haka take. Ya ce shi shekara ashirin yana wannan aiki, ba haka take ba. Na dube shi. Ya zauna.

Baturen ya ɗora yatsu. Ganga ta shigo daga cikin kaset. Ya rufe ido.

"Salamu alaikum!"

Ƙanin Hajiya ne, mai aikin jakunkuna a filin jirgi, da kayan aikinsa a jiki. Ya cire takalmi, ya ratsa tsakiyar darduma, ya zagaya lasifika, ya miƙa hannu ta saman piyano na uku.

Baturen ya buɗe ido. Ya dubi hannun. Ya dubi nasa. Ya ɗaga su biyun.

"Wa alaikumus salam."

"Alhaji, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya hidima?"

"Da godiya."

"Ya jikin? An ce hannu na damunka."

Yana faɗa yana girgiza hannun. Mataccen mai ganga yana ta dukansa shi kaɗai a cikin rakoda. Da suka gama, Baturen ya juyo ya nuna mini da yatsa, a koma baya.

Iska. Ɗis, ɗis. Ganga.

Wannan karon mutum uku ne tare, 'yan'uwan mijin Hajiya na fari. Su ba a san ma me za a kira su ba, amma sun zo, kuma kowa da tasa gaisuwar, ba wanda ya yarda ta ɗan'uwansa ta wadatar. Na ƙarshensu ya taɓa alkyabbar ya ce, "Masha Allah, a ina aka ɗinka?" Wannan ba ta cikin Hausar Baturen. Ya ce, "Lokacinsa ne."

Iska. Ɗis, ɗis.

Ban ƙirga sau nawa ba. Na dai san rakodar ta fara cin kaset in na mayar da ita, sai na koma cirewa ina juyawa da biro. Na san jama'a sun haddace farkon. In ɗis ɗin ya zo, wasu samari haifaffun nan, masu jin Hausa su amsa da Larabci, suna yi da harshe tare da shi. Wani dattijo a gaba ya ce, "Wannan mun ji shi. Ko shi ke nan waƙar?" Na kusa da shi ya ce ai haka ta Turawa take, maimaitawa ne, kamar karatun allo. Bayan tamfol kuwa Hajiya ta ba mata labarin rijiyar, don haka duk lokacin da iska ta sake tashi sai ka ji wata ta ce, "Yaya, har yanzu bawan Allahn nan bai bar ƙasa ba?" Hajiya ta ce, "Yana daf da tashi ake masa sallama."

Waɗanda suka riga suka zauna ba su hana na baya ba. Su ne ma masu nuna musu hanya. "Ga shi can, je ka gaishe shi, sai ka zo ka zauna." Ba mugunta ba ce. Mutum ya zo walimar surukinsa ya zauna bai gaishe shi ba, gobe da wane ido zai dubi Hajiya?

Rana ta sauko kan dabino. Baturen ya sa hannayensa a hamata. Hajiya ta turo kofin shayi ta ƙarƙashin tamfol, bai sha ba, riƙe shi ya yi. Yatsunsa yake ɗumamawa. Ya dubi rana, ya dube ni.

"Ya ahi, ɗan'uwana, wannan ne na ƙarshe. Bayan shi ba lokaci. Yatsu ma babu."

Na ce, "Ka daina amsawa."

"Sallama ce. Ba zan iya ba."

"Ka amsa da baki."

"Hannun fa? In bar shi a tsaye?"

Na ce, "Halas, shi ke nan. Ɗaga kai."

Ya ɗaga. Na danna. Na tashi na tafi ƙofar gona, na tada dabbab na gindaya ta a bakin ƙofar, na zare makulli, na tsaya a gabanta.

Na farko da ya iso wani malamin makaranta ne, mijin 'yar yayar Hajiya, da jan rawani a kafaɗa. Ya ce in kawar da mota. Na ce a'a. Ya ce zai gaida Alhaji. Na miƙa hannu na ce ya gaishe ni, zan kai masa.

"Kai wa?"

"Direba."

"Direban dabbab ne zai karɓi gaisuwar surukinmu? Kai ɗan Chadi, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Na kai maka kujeru bara. Ina wuni?"

Ya tsaya yana kallona. Amma an gaishe shi, dole ya amsa. "Lafiya," ya ce, kamar an taka masa ƙafa.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Kai, ka kawar da motar nan!"

"Ya iyali?"

Haka na riƙe su. Duk wanda ya zo na kama hannunsa na fara, ban saki ba sai wani ya iso. Na tambayi lafiyar mutanen da ban sani ba. Na tambayi wani lafiyar mahaifiyarsa, ya ce ta rasu tun ana yaƙin Kuwait, na yi masa ta'aziyya, ita ma ta ci lokaci. A rayuwata ban taɓa yin magana mai yawa kamar ta wannan yammacin ba. Suka taru a ƙofa suna zagina cikin ladabi. Wani ya ce ƙanshin rago yana isowa, wannan zalunci ne.

Ta bayana kuwa kiɗan ya wuce inda yake tsayawa. Mutumin rijiyar ya bar ƙasa. Na ji mata sun yi guɗa, Hajiya ta tsawatar. Daga nan abin ya lafa, ya zama wani sauti ɗaya siriri, yana tafiya yana dawowa wuri guda. Ni ban san kiɗa ba. Amma na taɓa zama wata da watanni a tsare a wani fili mai shingen waya ina jiran a kira sunana, kuma abin da ke cikin kunnen mutum a irin wurin, shi ne wannan. Ban san yadda Bature ya san shi ba.

Sai na ji guga ya faɗa rijiya.

Na saki hannun da nake riƙe da shi na ruga. Na ciro kaset, na juya, na danna. Baturen yana riƙe da sauti ɗaya da yatsa yana jirana, gumi yana sauka cikin gemu. Ganga ta dawo. Ya gyaɗa kai.

Da na juya, na ga abin da barin ƙofa ya jawo. Sun hauro ta kan dabbab, suna tattare riguna. Kuma a sama da kawunansu, a kan hannaye, suna miƙo wani ɗan ƙaramin tsoho da sandarsa.

Baffan Hajiya ne, ƙanin mahaifinta, wanda ya fi kowa shekaru a dangin. Idonsa ya yi hazo, kunnensa ya tafi kusan duka. Ba ya fita sai Juma'a. Ba wanda ya zaci zai zo, shi ya sa ba wanda ya gaya masa kome. Ya ji an ce walima ne kawai, ya sa jikansa ya kawo shi.

Suka dire shi a kan darduma. Kowa ya dare. Ya kama hanya ta tsakiya, sanda tana gaba yana binta.

Na sha gabansa. A rayuwata na tsaya gaban masu bindiga a kan iyaka, na tsaya gaban teku. Tsohon ya ci karo da ƙafata, ya ƙwanƙwasa ƙaurina da sanda kamar mai gwada kankana, ya ce, "Ɗan wa ne wannan a hanya?"

Na matsa.

Ya isa gefen piyano ya tsaya. Ya yi sallama da muryar kurma, wadda ta fi lasifika.

Baturen ya gan shi. Na ga kafaɗunsa sun faɗi. Rana ta riga ta shiga cikin ganyen dabino, ba sauran komawa farko. Na sa yatsa a kan rakoda ina jiran ya ce a kashe.

Amma Baffa bai miƙa hannu ba. Baffan matarka ba ya ba ka hannu, kai ma ba ka ba shi. Ƙasa kake yi. Baturen ya zame daga kan kujerarsa ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har na ji daga inda nake. Fuskarsa tana wajen Baffa, kansa a sunkuye, hannayensa biyu suna sama a gefe, a kan piyano, suna tafiya. Ba ya ganin abin da yake dannawa. Na saman ya yi masa nisa, sai ya miƙe hannu kamar mai ciro kaya daga kan kanta.

"Wa alaikumus salam, Baffa."

Baffa ya lalubo da sanda ya ji kujera ba kowa. Ya ɗauka shi aka tashi aka ba wa. Ya zauna, ya gyara riga, ya ɗora ƙafa a kan abin takawar nan na ƙasa. Kiɗan ya yi sama har tsuntsaye suka tashi daga dabino. Baffa bai ji kome ba.

"An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa."

Nan ne kuma wurin da waƙa take shigowa. Bakin abin magana yana can sama inda kan mutum yake in yana zaune, don haka Baturen ya rera daga ƙasa, da ƙarfin ƙirjinsa. Ya ja baiti ɗaya da Turanci, dogo, mai ban tausayi.

"Ina gajiya?" in ji Baffa.

"Ba gajiya." Ya ja na biyu.

"Ya iyalin?"

"Lafiya lau." Ya ja na uku.

"Ya sanyin nan?"

"Lokacinsa ne."

Baffa ya gama gaisuwarsa duka, ya sake wata daga farko don ya manta ya yi. Sannan ya ce, "To madalla. Tashi." Baturen bai tashi ba. In ya tashi sai ya ɗauke hannu ya dafa ƙasa. Baffa ya jira. Ya sake cewa tashi. Ya karkata kai yana kallon wannan dogon abu mai ƙyalli da ke durƙushe a gabansa, baki yana motsi, hannaye a sama.

Mutum ya durƙusa gaban surukinsa ya gaishe shi, wannan ladabi ne. Ya ƙi tashi bayan an ce ya tashi, wannan kuma magana ce.

Baffa ya juya wajen jama'a. "Me ya yi?"

Ya sake ɗaga murya.

"Sakinta ya yi?"

Daga bayan tamfol Hajiya ta ce, "Baffa, ba abin da ya yi! Kiɗa yake yi!"

"Me ta ce?"

Malamin makarantar ya matso kunnensa, ya buɗe baki, ya tuna kalmar da zai faɗa wa Baffa da ƙarfi a gaban mutane, ya rufe bakin ya koma ya zauna.

Baffa ya miƙa hannu ya shafa fuskar Baturen. Ya ji ta jiƙe. Ko gumi ne, ko gwiwa ce, ko wani abu, ni ban tambaya ba. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Kai, abin babba ne." Ya ɗora tafinsa a kan sanƙon Baturen ya bar shi a nan.

Haka aka ƙarasa. Gangar matacce tana gudu, Baturen yana binta a durƙushe, a karkace, hannun Baffa a kansa, ƙafar Baffa tana ƙara murya tana ragewa duk lokacin da ya gyara zama. Na ga ƙaramin yatsan nan ya daina aiki, na kusa da shi yana yi masa. Na ga hannun hagu ya zame, ya dawo. Ba wanda ya yi tari. Jirgi ya wuce ta samanmu zai sauka, bai ɗaga kai ba.

Ƙarshen sauti ɗaya ne, dogo. Ya riƙe shi da hannu biyu har ya ƙanƙance ya ɓace. Rakoda ta yi ƙas, ta tsaya da kanta.

Ba wanda ya tafa. Ba mu san an gama ba, kuma ba a tafi a gaban Baffa.

Baffa ya yi gyaran murya. "Ya isa haka, ɗana. Ko me ka yi, na yafe maka. Duniya da lahira." Ya ɗaga sanda wajen jama'a. "Ku fa?"

"Mun yafe," in ji maza.

"Mun yafe," in ji mata daga bayan tamfol. Na ji Hajiya ta ce, "Ku yafe me?" amma muryoyi sun rufe tata.

Baturen ya sauke hannayensa a kan cinya. Sun ƙi buɗewa sosai. Ya dubi Baffa ya ce, "Da godiya."

Sai aka kira salla daga masallacin da ke bayan katanga. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Na sa hannu ta hamatarsa na ɗaga shi. Ba shi da nauyi, tsawo ne kawai. Na zuba masa ruwan alwala don buta ta gagare shi riƙewa. A zaune ya yi magariba, a kan kujerar da Baffa ya tashi ya bar masa.

Ana cin rago na tambaye shi ko ya cika.

Ya ce ya yi kuskure da yawa, in mai gangar yana raye da ya jefe shi da sanda. Sannan ya ce, "Amma ban tsaya ba."

Na ce na gani.

Kafin zafi ya shigo yatsun suka rufe. Cokali ma sai da dabara. Bai sake buɗe akwatunan ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Hajiya ce ta sha wahala. Dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce mata yake da ita a ƙasarsu ya ɓoye. Wasu suka ce gwal ɗin Hajiya ya sayar. Duk wanda ya zo wurin ya ga kiɗan da idonsa, amma sun ce mutum ba ya kuka haka a gaban Baffa a kan rijiyar da ba ruwa. Ta yi rantsuwa har ta gaji. Daga baya manyan mata suka haɗa kai suka je wajen Baffa, suka yi masa ihu a kunne ya gaya musu laifin. Ya ce shi ba ya tona asirin wanda ya durƙusa masa. Har ya rasu bai faɗa wa kowa ba.